Na kai Kawu Badagry ya ga teku

Asabar, bayan isha'i

Yau dai Allah ya yi, Kawu ya ga teku. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana safarar goro tsakanin Shagamu, Agege da Funtuwa, ya san kowace tasha da kowane fatoma a hanyar Kurmi, amma bai taɓa tsayawa a bakin ruwan gishiri ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce ai ba kallo ke kawo shi Ikko ba. To wannan karon biki ne ya kawo shi, an gama ɗaurin aure jiya, na ce ba zai koma ba sai ya gani.

Badagry na zaɓa. Bar Beach da mutanenmu na da suka sani an cike ta da ƙasa ana gina sabon birni a kai, wuraren Lekki kuma ba inda za ka kai dattijo mai carbi ba ne, ga kuɗin ƙofa ga kiɗa ga shigar da ba ta ganuwa. Muna idar da asuba muka fita. Iyana Ipaja, Egbeda, Igando, muka faɗo babban titi a Iyana Iba, daga nan sai yamma ɗoɗar. Har Agbara lafiya lau. Daga Agbara zuwa gaba kuwa shingen masu kaki ne bayan shinge, saboda hanyar ce ke kaiwa Seme, iyakarmu da Binin. Ana leƙo mu, a ga farin gemun Kawu da hularsa, a ce "Alhaji, sannu", a ɗaga sanda. Ya ce in riƙa ɗaukarsa haya duk ranar da zan bi hanyar.

Garin bai kai yadda sunansa ya yi ƙara ba. Titi ɗaya ne mai suna Marina ya bi bakin ruwa, kuma kusan duk abin da ake zuwa gani yana kansa ko a lungunan da ke bayansa, da ƙafa ma za ka gama. Ruwan da ke gaban Marina ba shi ne teku ba, wani dogon ruwa ne kwantacce da ya raba gari da tsibirin Gberefu, tekun tana can bayan tsibirin. Sai da na yi wa Kawu wannan bayani, don har ya fara cewa "Ashe abin ma bai fi Kwara a Jebba ba." Mutanen garin Ogu ne, waɗanda Yarbawa ke kira Egun, harshensu ya fi kusa da na mutanen Porto-Novo a kan Yarbanci. Masunta ne da manoman kwakwa. Namu ma suna nan kamar kullum: mai shayi, mai albasa, ɗan canji, da 'yan acaba da suka yanyame mu tun kafin in kashe mota.

Wani saurayi ɗan gari ya yi mana jagora. Ya fara kai mu wani farin gida mai hawa ɗaya da matakala ta katako, ya gyara murya ya ce wannan shi ne bene na farko a duk Najeriya, 'yan mishan na CMS suka kammala shi a 1845 ƙarƙashin wani fada mai suna Gollmer, kuma Samuel Ajayi Crowther, malamin coci Bayarabe, ya zauna a ciki. Ina fassara wa Kawu, sai na ga ya tsaya da jan carbi.

"Na farko a ina?"

"A Najeriya, Kawu. Haka aka rubuta a jikin bangon."

"Tambaye shi ko ya taɓa jin Gobarau."

Yaron bai taɓa ji ba. Nan fa Kawu ya karɓe aikin jagora, ya shiga ba shi labarin hasumiyar Katsina da ta yi ɗaruruwan shekaru a tsaye kafin a haifi kakan Gollmer, da sorayen Kano da na Zazzau masu bene na ƙasa da azara. Ni ma ina bayansa a nan. Bature Clapperton da ya shiga Kano a 1824 ya rubuta cewa ya ga gidaje masu ɗakuna a sama, shekara 21 ke nan kafin wannan gini. In an ce bene na farko irin ginin Turawa, ba mai musu. Yaron dai mai ladabi ne, ya yi dariya ya ce shi abin da ya tarar ake faɗa yake faɗa. Mun hau sama, katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafa, ta taga ana hango kwale-kwale suna kai da kawo. Akwai tsofaffin Littafi Mai Tsarki a cikin akwatin gilashi, na Turanci da na Yarbanci.

Mun wuce ta wurin ginshiƙin da aka kafa a madadin bishiyar Agia, inda Thomas Birch Freeman ya yi wa'azin Kirista a 1842. Bishiyar ta faɗi tun 1959. Ba mu daɗe ba, rana ta fara zafi.

Inda jikina ya mutu shi ne gidan Seriki Williams Abass. Daga waje gida ne kawai irin na mutane, da shanya a igiya, da yara suna wasa, da wata mata tana wanke-wanke kusa da rijiya, don har yau zuriyarsa na zaune a ciki. Ɗakuna 40 ne a kewaye da tsakar gidan, an bar biyu yadda suke don masu zuwa kallo. Muka shiga ɗaya. Bai kai shagon mai shayi ba, ba taga sai wata 'yar kafa can sama kusa da rufi. Jagoran ya ce bayi 40 ake cusawa a ciki, su yi wata da watanni suna jiran jirgi. Ya turo ƙofa ya rufe mu na ɗan lokaci. Mu biyar ne kawai da wasu baƙi, amma kafin ya buɗe na jiƙe sharkaf, kuma ina jin numfashin Kawu a bayan kunnena yana ta salati ƙasa-ƙasa.

Shi mai gidan, bawa ne tun farko. An kama shi yana yaro a ƙasar Yarbawa, ya zauna a hannun wani Abass, aka sayar da shi ga wani Williams da ya tafi da shi Brazil, ya dawo ya zama dillalin bayi da kansa. Musulmi ne, har ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919, kabarinsa na nan cikin gidan. An nuna mana wata tsohuwar laima mai nauyi da aka ce da mutum 40 aka musanya ta, da tangaran, da kwalabe. Kawu ya daɗe yana kallon laimar. Ya ce, "Musulmi fa ka ce?" Na ce haka ne. Bai ƙara magana ba sai da muka fito.

A ɗan ƙaramin gidan tarihi na iyalin Mobee kuma ƙarafan ne: mari na ƙafa, ƙangi na wuya, wani ɗan ƙarami da aka ƙera daidai ƙafar yaro, da kwado da ake huda leɓe a rufe bakin mutum da shi. Ana ba baƙi sarƙar wuya su rataya a ɗauke su hoto. Wasu 'yan mata da suka zo daga cikin Legas suna ta yi suna ƙyalƙyala dariya. Ni abin bai kwanta mini ba ko kaɗan, amma na ɗaga ta da hannu don in ji, da ƙyar na riƙe ta da hannu ɗaya.

A inuwar wata bishiya muka zauna shan ruwan kwakwa, sai Kawu ya ce shi duk wannan ba baƙon labari ba ne. Ya ce a unguwarsu kowa ya san gidan da asalinsu bayi ne da gidan da suka mallake su, ba a dai faɗa ne sai ranar neman aure. Ya ce kakarsa tana da wata tsohuwa a gida da ba ta san garinsu ba, ta dai tuna akwai duwatsu. Wannan ita ce maganar da na kasa fitarwa daga raina har yanzu. Mu in an ce cinikin bayi na teku, sai mu ɗauka abin Turawa ne da mutanen Kudu, mu 'yan kallo ne. Alhali yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun zubo da kamammu masu yawa daga ƙasar Hausa da Nufe da Barno zuwa wannan gaɓa, aka loda su a Badagry da Ikko da Porto-Novo da Wida. Hausawa sun yi yawa a Bahia ta Brazil har suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A babban boren Musulmi na birnin Salvador a 1835, cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wani ya kamo su, wani ya saye su a kasuwa, wani ya koro su kudu tare da jakunan kanwa, kuma ba Bature ne ya yi wannan ɓangaren ba.

Hanyar ma a buɗe take tun da. Shi Clapperton ɗin, a zuwansa na biyu, nan Badagry ya sauka a ƙarshen 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, can ya mutu a 1827. Hadiminsa Richard Lander ya dawo nan, dillalan bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka ba shi guba ya sha don a gwada gaskiyarsa, ya amayar ya tsira. A 1830 ya dawo da ƙanensa John, suka tashi daga nan zuwa Busa da Yawuri, suka bi Kwara har inda ta shiga teku. Da na ba Kawu wannan labari cewa ya yi Baturen taurin kai gare shi, wanda aka ba guba a gari kuma ya sake dawowa.

Sai ƙetarewa. Kwale-kwale mai inji ne, 'yan mintoci kaɗan. Kawu ya ƙi sa rigar ruwa da farko, wai a kan babbar riga ina za ta zauna, sai da mai jirgin ya ce ba zai tashi ba. Ya sa, ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu yana karanta Bismillahi majreha. A ɗaya gaɓar 'yan acaba na jira, amma ya ce da ƙafa za mu je, tunda su ma da ƙafa suka je. Tafiya ce mai ɗan nisa cikin rairayi, takalmi na nutsewa, ba inuwa sai jefi-jefi. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da aka yi wa rumfa, an ce ana tilasta wa bayi shan ruwanta bayan an yi mata asiri don su manta gida. Kawu ya leƙa, ya ce wanda ya kwana wata uku a ɗakin can ai ba ya bukatar asiri.

Tun kafin ka ga teku kake jin ta. Wani gurnani ne da ba ya yankewa, kamar ana sauke tifar dutse a bayan gida ba hutawa. Muka ratsa itatuwan kwakwa, muka wuce ginin tunawa da aka yi a wurin da suke kira inda ba a dawowa, sai ga ta. Kawu ya tsaya cak. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ce, "Ina ɗaya gefen?" Na ce Brazil, Kawu, kuma jiragen wancan zamani sai sun yi sama da wata guda kafin su kai. Ya ce, "Allahu Akbar," ya sake faɗa, ya sake.

Bakin tekun nan ba kowa sosai. Babu masu haya da kujeru, babu lasifika, sai masunta can nesa suna jan wata doguwar koma da igiya, su kusan ashirin a layi, suna waƙa suna ja da baya. Igiyar ruwan tana da ƙarfi, masu jirgin sun riga sun gargaɗe mu kada wanda ya wuce gwiwa, don in ta janyo mutum ba ta mayarwa. Azahar ta yi, na fara neman ruwan leda a jaka, Kawu ya ce in bari. Ya ce tun yana almajiri ya haddace hadisin nan da ya ce ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, bai taɓa zaton zai yi aiki da shi ba. Ya naɗe wando, ya tattare riga a kafaɗa, ya tsuguna. Yana kai ruwan baki don kurkura ya furzar da sauri yana yamutsa fuska, kafin ya ɗago wata igiya ta zo ta jiƙa shi har ƙugu ta tafi da takalmi ɗaya. Wani yaron masunta ya bi ya kamo. A haka ya ja mu salla a kan rairayi, riga na ɗiga.

Da muka dawo gari muka ci kifi gasasshe da yaji a wata rumfa a Marina. Kifin ba laifi, sabo ne, amma an ga baƙi an tsuga kuɗi. Aka kawo kaguwa da jatan lande a faranti, na tuna wa Kawu hadisin ɗazu. Ya ce halal daban, iya ci daban, shi ba zai ci gizo-gizo ba ko na ruwa ne. Ya sayi kwakwa rabin buhu da man kwakwa kwalba biyu na tsaraba. Ban san lokacin da ya sa yaron masuntan nan ya cika masa jarka da ruwan teku ba, sai a bayan mota na gan ta. Wai Inna ce ta ce a kawo mata, an gaya mata yana maganin ƙaiƙayi.

A shingen farko na dawowa wani mai kaki ya buɗe but, ya ga jarka, ya tabbata fetur muka ɗauko ko wani abin daga Seme. Na ce ruwa ne. Ya buɗe ya shinshina, bai yarda ba, ya tsoma yatsa ya lasa. Yadda ya yi da fuska ya sa abokan aikinsa suka fashe da dariya, ya maida murfi ya ce mu tafi. Cunkoson Agbara ya riƙe mu har bayan magariba. Motar Funtuwa da sassafe take tashi, kuma har yanzu ban san yadda za a yi direba ya yarda ya ɗauki jarkar nan ba.