Kama da wane ba ta wane: darasi daga aikin koya wa kwamfuta gani

Kwamfuta kullum tana da amsa. Ka ba ta hoto biyu da babu abin da ya haɗa su, ka ce ta nemo inda suka yi daidai, za ta nemo maka. Ka nuna mata dabbar da ba ta taɓa gani ba, sau da yawa za ta raɗa mata sunan wata. Halinta irin na mutumin nan ne da za ka tsaya ka tambaye shi hanya, ya ji nauyin ce maka bai sani ba, ya miƙa hannu ya ce ka bi nan sai ka yi kwana ta dama. A shekarun da na yi ina wannan aiki, daga karatun digiri na biyu zuwa kwangilolin da suka biyo baya, na lura cewa dabarun da suka fi amfani a fagen, in ka tona su, hanyoyi ne na sa na'ura ta yi shiru a inda ya kamata ta yi shiru.

Da SIFT na fara ganin haka. Dabara ce da David Lowe na Jami'ar British Columbia a Kanada ya fitar a 1999, ya kuma cika bayaninta a 2004. Hoto a wurin kwamfuta tarin lambobi ne, kowane ɗigo da lambar haskensa. In ka ɗauki hoton gini daga nan, ka matsa taku goma ka sake ɗauka, lambobin duk sun canza alhali ginin yana nan yadda yake. Lowe ya ce a bar bin ɗigo ɗai-ɗai, a nemi wurare masu alama, irin kusurwar taga ko tabo a jikin bango, waɗanda za a sake ganewa ko an matso, ko an ja baya, ko an karkata kyamara. A kewayen kowane irin wannan wuri sai a raba fili gida 16, huɗu a tsaye huɗu a kwance, a kowane gida a auna yadda haske ke sauyawa ta fuskoki 8. Lamba 128 ke nan, su ne siffar wurin. Haɗa hoto biyu kuwa shi ne a ɗauki siffar wani wuri a hoton farko, a nemo wadda ta fi kusa da ita a hoto na biyu.

To ai "wadda ta fi kusa" ba ta ƙarewa. Ko wurin da kake nema mota ta tare shi a hoto na biyu, dole a cikin dubban siffofi a samu wata da ta fi sauran kusa. Maganin da Lowe ya kawo bai wuce layi ɗaya ba in za ka rubuta shi a manhaja: kar a tsaya ga ta farko, a duba ta biyu ma. In nisan ta farko ya haura kashi 80 cikin 100 na nisan ta biyu, ma'ana babu wani fifiko mai ƙarfi a tsakaninsu, a watsar da su duka. A gwajinsa wannan ya kawar da kashi 90 cikin 100 na haɗin ƙarya, asarar haɗin gaskiya kuma ba ta kai kashi 5 ba. An samu dabaru masu sauri bayan SIFT, irin su SURF a 2006 da ORB a 2011, musamman da yake SIFT tana ƙarƙashin haƙƙin mallaka har zuwa 2020, amma wannan gwajin kusan kowa ya ci gaba da ɗaukarsa yadda yake.

Atamfa ce ta koya mini iyakarsa. Wani abokin aikina ya so ya yi manhajar da mai shago zai ɗauki hoton ƙyallen da wata ta kawo, wayarsa ta nemo masa irin wannan zanen a cikin hotunan kayan da ke shagon. Ranar da muka fara gwadawa, muka ajiye hoto biyu na atamfa ɗaya gefe da gefe a allo muna jiran layukan da za su haɗa su. Layi bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Dalilin yana cikin zanen kansa: furen da ke nan shi ne dai ke can, shi ne ke gaba, an maimaita shi a jikin yadin daga farko har ƙarshe. Ta farko da ta biyu duk fure ɗaya ne, nisansu ɗaya, sai gwajin ya ce babu tabbas ya zubar. Da muka cire gwajin, allon ya cika da layuka suna gittawa ta ko'ina, kowane fure ya kama wanda ya ga dama. Gyaran yana cikin takardar Lowe tun asali, a wata jimla da mutane ke tsallakewa: in abu kake son ganewa a cikin abubuwa da yawa, ta biyun da za a gwada da ita ta fito daga wani abu daban. Wato a gwada furen da mafi kusa a wata atamfar. Shadda kuwa ta ba mu wata wahalar, domin ƙyallinta yana sauya wuri duk lokacin da ka motsa waya, kuma SIFT na ɗaukar ƙyallin a matsayin alama.

Ko bayan wannan tacewa, haɗin ƙarya na saura. Nan RANSAC ke shigowa, wadda ta girmi SIFT nesa ba kusa ba. Martin Fischler da Robert Bolles suka fitar da ita a 1981. In abin da aka ɗauka shimfiɗaɗɗe ne, kamar bango ko yadin da aka baza a tebur, haɗi huɗu sun isa a lissafa yadda hoton farko zai koma na biyu. Sai a zaɓi huɗu da ka, a yi lissafin, a ƙirga haɗi nawa cikin sauran suka yarda da shi. A sake zaɓar wasu huɗu, a sake ƙirgawa. Haɗin gaskiya duk bakinsu ɗaya ne, na ƙarya kowa da inda ya nufa, don haka lissafin da ya tara masu yarda mafi yawa shi ne na gaskiya. Lissafin adadin zagayen ma mai daɗi ne. In rabin haɗin na ƙarya ne, damar a zaɓi huɗu duk masu kyau ɗaya ce cikin 16, kuma zagaye 72 sun isa a samu tabbacin kashi 99 cikin 100 cewa an dace aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi min amfani a RANSAC shi ne adadin masu yardan. In ya yi ƙasa ƙwarai, manhaja na da hujjar cewa hotunan nan biyu ba na abu ɗaya ba ne.

A ɓangaren gano abu a hoto ma haka tarihin yake. Mai gano fuska da Paul Viola da Michael Jones suka yi a 2001 jerin matakai ne fiye da 30, kuma aikin kowane mataki kora ne. Matakin farko abu biyu kawai yake dubawa, ko wajen idanu ya fi kumatu duhu, ko idanun sun fi karan hanci duhu, da wannan yake sallamar kusan rabin wuraren da ba fuska ba. Saurinsa daga nan ya fito. Navneet Dalal da Bill Triggs kuwa, a aikinsu na 2005 kan gano masu tafiya a ƙasa, bayan horon farko sai su saki manhajar a hotunan da babu mutum ko ɗaya, su tattara duk inda ta yi ƙaryar ganin mutum, su mayar mata su ce wannan ba shi ba ne.

Sai 2012 ta zo. Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka ci gasar ImageNet, ta gane abin da ke cikin hoto, da kuskure kashi 15.3 cikin 100, mai bi musu yana da 26.2, kuma daga nan yawanci aka daina zama ana tsara siffofi da hannu, aka bar manhaja ta koya daga hotuna. R-CNN ta Ross Girshick da abokansa, manhajar da ke gano abu a hoto ta zana masa akwati ta sa masa suna, ta biyo baya a 2014, sai YOLO ta Joseph Redmon da abokansa, wadda ke duba hoto 45 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfin gani ya ƙaru sosai, wannan babu gardama. Tsohuwar matsalar dai tana nan, ta sauya kaya ne kawai.

Na ganta ido da ido a wani aikin ƙidayar ababen hawa da muka yi da kyamara a wata mahaɗar tituna a Kano. Mun fara da YOLO da aka horar a kan COCO, rumbun hotunan da aka fitar a 2014, mai suna 80. Ya kamata duk mai shirin amfani da irin wannan manhaja ya zauna ya karanta sunayen nan tukun. Akwai mutum, keke, mota, babur, bas, babbar mota. Akwai saniya, tunkiya, doki, giwa, raƙumin dawa, jakin dawa. Akwai fiza da na'urar busar da gashi da katakon zamiya a ƙanƙara. Babu akuya, babu jaki, babu raƙumi. Babu adaidaita sahu, wanda shi ne ya cika titin da muke ƙirgawa. Manhajar zaɓi biyu gare ta: ko ta ɗauke shi kamar kwalta ta wuce, ko ta kira shi da ɗaya daga sunayen da ta sani. Ba ta da hanyar cewa ga wani abu nan amma ban san shi ba. Muna kallon allo, adaidaita guda zai taho, daga gaba a kira shi babur saboda tayarsa ɗaya, ya juya gefe ya zama mota, ya ba da baya ya zama babbar mota. Wani lokaci akwati biyu ke hawa kansa a tare, domin matakin da ke goge akwatunan da suka hau juna yakan yi aiki ne tsakanin masu suna ɗaya. Ƙidaya ta lalace ke nan, abin hawa ɗaya ya shiga lissafi sau biyu.

Kuma kowane akwati da lambarsa a sama, 0.8, 0.9. Wanda ya ba mu aikin ya leƙo ya ga haka ya ce ai ta tabbata. Malamin da ke jagorantarmu ya ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan lamba tana nufin cikin sunayen da aka koya mata wannan ya fi kama. Ba ta rantse maka da komai ba." Bincike na bayan Malam. A 2015 Anh Nguyen da Jason Yosinski da Jeff Clune sun nuna hotunan da a idon mutum yayyafin ɗigo ne kawai, amma manhaja ta kira su da sunan dabba da tabbacin da ya haura kashi 99. A 2017 kuma Chuan Guo da abokansa suka nuna cewa manyan manhajojin zamani, duk da sun fi na da dacewa, sukan faɗi tabbacin da ya wuce gaskiyar dacewarsu.

Gyaran ya ci mu lokaci a wurin da ba a rubuta takardar bincike a kansa. Muka zauna zana akwatuna da hannu muna sa suna, muka ƙara adaidaita, muka ƙara kurar 'yan garuwa da amalanke. Gardama ta tashi tsakanin masu zanen: adaidaitan da aka lafta wa buhuna a sama, akwatin zai haɗa da kayan ko a'a? Ba ƙaramar magana ba ce, domin tun gasar gano abu a hoto ta PASCAL VOC ma'aunin da aka saba shi ne a raba filin da akwatin manhaja da na mutum suka haɗu a kai da jimillar filin da suka rufe, in bai kai rabi ba a ce ta faɗi. In masu zane biyu sun saɓa, manhaja za ta faɗi jarrabawar da ba laifinta ba. Sai da muka rubuta ƙa'ida a takarda muka manna a bango. Muka kuma bi sawun Dalal da Triggs, muna tattara rumfunan masu shayi da kwantenonin caji da take kira mota muna mayar mata.

Saura iyakar da za a yanke, wato lambar da in akwati bai kai ta ba a yi watsi da shi. Makin da ake bugawa a takardun bincike ba ya gaya maka wannan, domin matsakaici ne da aka ɗauka a kan iyakoki iri-iri. Kai za ka zaɓa, gwargwadon wanne kuskure ya fi tsada a aikinka. A ƙidayar motoci, tsallake ɗaya da ƙara ɗaya kusan nauyinsu ɗaya. A neman ciwo a hoton ƙirji kuwa, tsallakewa ta fi muni. Iyakar ma ba ta zama wuri ɗaya. Wadda muka daidaita da hotunan damina ta gaza da hunturu ya shigo, hazo ya dusashe launi, lambobin duk suka sauka, motoci na wucewa a fili ba a ƙirga su. Daga baya muka mayar da iyakar biyu. Abin da ya haura ta sama a ƙirga, abin da ya gaza ta ƙasa a zubar, na tsakiya a yanko hotonsa a ajiye mutum ya duba da safe. Wanda ya ba mu aikin bai so haka ba da farko, shi na'urar da ba ta bukatar mutum yake so, amma daga wannan tarin na tsakiya muka riƙa samun mafi kyawun hotunan sake horo.

Masu haɗa hotuna na zamani ma sun dawo kan wannan batu ta hanyarsu. SuperGlue, wadda Paul-Edouard Sarlin da abokansa suka fitar a 2020, tana koyon haɗawa ne daga hotuna maimakon bin dokar Lowe, kuma a cikin lissafinta an ware wani gurbi na musamman inda ake jefa duk wurin da ba shi da abokin haɗi a ɗaya hoton. Tana kama haɗin da SIFT ba ta iya kamawa, a bango marar alama sosai ko tsakanin hoton rana da na dare. Duk da haka, masu amfani da ita wajen lissafa inda kyamara take sukan miƙa wa RANSAC abin da ta fitar, ta sake tacewa kafin su yarda.