Kalmar da na yi shekara uku ina koyarwa a karkace

Ɗan ƙanwata ya samu aikin koyar da Turanci ta intanet, ɗalibansa kuma kusan duk 'yan Biyetnam ne. Shekaranjiya da dare na leƙa kwamfutarsa yana shirya darasi. Shafi ɗaya ne: kalmar "aggressive" da manyan haruffa, sai alamar daidai, sai "hung hăng", a ƙasa kuma hoton wani kare ya yage baki. Na ce masa daga ina ya samo wannan fassara. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Kawu, ai waya na tambaya." Minti uku ya ɗauke shi.

Ban da hoton karen, abin da na rubuta a allo ke nan a wata cibiyar koyon Turanci ta yamma a Hanoi, babban birnin Biyetnam, ga aji mai mutum goma sha biyar, rabinsu ma'aikata, rabinsu masu shirin jarrabawar IELTS ta gwajin iya Turanci. Na yi ta maimaita shi aji bayan aji.

Fassarar ba ƙarya ba ce, kuma nan matsalar take. "Hung hăng" ita ce halin mai babur da ka goga wa kaɗan a cunkoso ya diro yana kumfar baki. Mu da Hausa mu ce masifaffe, ko mai neman faɗa da tsakar rana. Wannan ma'anar tana cikin kalmar, ita ce ma ta farko a ƙamus. Sai dai kalmar gida ce mai ɗakuna, ni kuwa zaure kawai na nuna wa yaran na ce sun ga gida.

Ina da uzuri, kuma har yau ban yar da shi duka ba. Darasi awa ɗaya da rabi ne, kalma ashirin ake so ka gama, ga nahawu, ga aikin gida da za a duba. Ni ma a sakandare haka aka ba ni ita: aggressive, masifaffe, a wuce gaba. Ɗaliban kuma su suke roƙon fassara ɗaya da za su rubuta a gefen littafi su haddace, in ka ba su uku sai fuska ta canza. To amma ƙamus na Turanci zalla yana cikin jakata duk tsawon lokacin nan. Buɗe shi bai kai minti ɗaya ba. Ban buɗe ba don na ɗauka kalmar ba ta da wani ɓoyayyen abu.

Ɓarnar farko ba ta da hayaniya. Ɗaliba ta karanta "aggressive treatment" a wani rubutu kan asibiti, ta fahimci wai likitoci suna wulaƙanta majinyaci. A bakin likita kuwa nufin shi ne magani mai ƙarfi da ake ɗurawa ba sassauci don a riga cuta. "Aggressive cancer" kuma ciwon daji ne mai saurin girma da yaɗuwa. Babu fushi a ciki ko kaɗan.

Ɓarna ta biyu ita ce ta fi ci mini rai, don a wajen gyara na yi ta. Na ji wani manaja Ba'amurke yana cewa yana neman "aggressive salespeople", ga shi kuma yabo yake yi: masu zafin nama, masu naci, waɗanda ba sa jira ciniki ya zo ya same su. 'Yan Biyetnam suna da nasu kalmomin na wannan, "năng nổ" da "xông xáo". Sai na dawo aji ina ɗoki kamar wanda ya tsinci dami a kala, na sanar cewa ashe kalmar nan yabo ce a wurin aiki. Wata yarinya mai neman aikin tarbar baƙi a otal ta ɗauki maganar malam da muhimmanci, ta rubuta a takardar neman aikinta: "I am an aggressive person." Ba a kira ta ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa Turancinta ne bai kai ba. Turancinta ya fi na rabin ajin.

Ga ƙa'idar da ya kamata in ba ta, da na san ta a lokacin. Idan kalmar ta hau kan abu, wato tsari, ko talla, ko farashi, ko salon wasa, kamar "aggressive pricing" da "aggressive marketing campaign", ba zagi ba ce, ƙarfi da gaggawa take nufi. Idan ta hau kan mutum tsurarsa, ba a ambaci sana'ar da ke buƙatar wannan hali ba, zargi ce. Ɗan kasuwa, lauya ko ɗan wasan gaba za su iya ɗaukarta a matsayin yabo, musamman a bakin Amurkawa. Mai tarbar baƙi, ma'aikaciyar jinya, direba da malamin makaranta ba za su iya ba. "Aggressive driver" shi ne mai tuƙin ganganci da matse mutane a hanya. Abin da yarinyar take nema shi ne "proactive" ko "driven", ko kuma "assertive", wanda ke faɗin haƙƙinsa a fili ba tare da ya taka na wani ba. Tsakanin "assertive" da "aggressive" akwai tazarar da ke tsakanin mai tsayawa kan gaskiyarsa da mai cin zali.

Yanzu ga wanda na fi jin kunyar faɗa. Sunan da ke fitowa daga kalmar, "aggression", idan ana maganar ƙasashe, ɗan Biyetnam "xâm lược" yake ji, kalmar da ya taso da ita a littafin tarihi tun firamare: Faransa da ta buɗe wuta a Da Nang a 1858, yaƙin Amurka, sojojin Sin da suka tsallako iyakar arewa ranar 17 ga Fabrairu 1979. A kunnensa abu ne da ake yi wa ƙasarsa. Ni kuma ina neman misali na kusa da gida, sai na juya na rubuta a allo jimlar da ta kira shigar sojojin Biyetnam Kambodiya a Disamba 1978 da "aggression". Har yanzu ina jin ƙarar fankar silin ɗin nan. Babu wanda ya yi musu, ba a saba yi wa malami musu a aji ba. Wani magidanci da ke zama a layin gaba ya rufe littafinsa a hankali, ya sa biro a aljihu, ya zauna yana kallon taga har aka tashi. A wurinsu sojojin nan sun je kawar da Pol Pot ne, mai mulkin Kambodiya a lokacin, bayan hare-haren da mayaƙansa suka kai ƙauyukan kan iyaka, kuma ba a rasa mai ɗan'uwa cikin waɗanda suka je, tunda sai 1989 aka janye.

Na kare kaina a zuci: ai ƙasashe da yawa haka suka kira abin a wancan lokaci, ai Turanci nake koyarwa ba siyasa ba. Duk gaskiya ne. Abin da ban gane ba shi ne cewa "aggression" hukunci ce, ba bayani ba. "Invasion" tana cewa sojoji sun shiga ƙasar wani. "Aggression" tana cewa sun shiga kuma su ne masu laifi. Shi ya sa take cikin sashe na 39 na kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya sa babban zauren Majalisar ya zauna ya fayyace ma'anarta a ƙuduri mai lamba 3314 a 1974, shi ya sa aka amince da ma'anarta a matsayin laifi a gaban kotun manyan laifuka ta duniya a taron Kampala na 2010. Wanda ka kira "aggressor" ka riga ka yanke masa shari'a. Da na san wannan, da darasin da ya fi kowanne amfani ke nan a wannan zangon. A maimakon haka magidancin nan ya koma ajin wani malami.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma su ke cin maki a rubutun IELTS, inda tambayar ko wasannin bidiyo na faɗa suna lalata tarbiyyar yara take yawan fitowa, ga kalma 250 a minti 40. "Aggression" ba a ƙirga ta yadda aka saba, don haka "an aggression" ba ta zauna ba, "an act of aggression" ake cewa. 'Yan'uwanmu na Nijar su kula da nan: "une agression" ta Faransanci, wato a tare mutum a kai masa hari, "assault" ce ko "attack" a Turanci, kuma Faransanci g ɗaya yake rubutawa, Turanci g biyu da s biyu. Ga mutane ana cewa "aggressive towards", ga ƙasa "aggression against". Ɗalibi zai nemi aikatau, tunda "xâm lược" aikatau ce a harshensa, sai ya ƙirƙiro "France aggressed Vietnam". Kalmar "aggress" tana kwance a manyan ƙamusai, amma da wuya ka ji ta a bakin mutum. "Invaded" ko "attacked" yake nufi. Kada kuma a bar shi ya haɗa ta da "aggravate": kama ce kawai ta fuska. Waccan daga kalmar Latin mai nufin nauyi ta fito, tamu kuwa daga "aggredi", takawa zuwa ga wani. Ita kuwa "passive-aggressive", Bahaushe bai buƙatar dogon bayani. Gugar zana ce da shaguɓe, da "ba komai" ɗin da ke cike da komai.

Na zauna da niyyar rubuta muku shawara goma, ku masu koyarwa ta waya daga ɗakunan iyayenku. Da na tace, uku suka rage, kuma na san ba lallai ku karanta har nan ba. Kun saba da a ba ku amsa kafin ku gama tambaya.

Kada ku sa kalma tsirara a allo. Ku rubuta ta da abin da take hawa: kare, direba, talla, farashi, ciwon daji, magani, ɗan wasan gaba, maƙwabci. Guda takwas ke nan. Ku ce ɗalibai su raba su gida uku, zargi da yabo da wanda babu ruwansa, su yi gardama a kansu. Minti ashirin ya isa, kuma ba za su manta ba. In manhaja ta ce kalma ashirin, ku yi sha biyu da kyau, ku amsa tambayar mai cibiya daga baya.

Kada ku fassara. Ba ku iya harshen ba, wayar da kuke tambaya kuma ma'anar farko take miƙo muku ta yi shiru. Amma fa ku koyi kalmominsu: "hung hăng" ta masifa, "hung dữ" ta dabba mai cizo, "hiếu chiến" ta mai son yaƙi, "gây hấn" ta takala, "xâm lược" ta mamaya, "năng nổ" ta himma. Na san yanzu na ce kada ku fassara. Ku riƙe duka biyun. Ba don ku rubuta su a allo za ku koye su ba, sai don ku gane ta wace ƙofa kuskuren ɗalibi ya shigo. In ma kun rubuta ɗaya a ranar da aji ya cije, ba zan kai ku kotu ba, ni ma zan rubuta. Ku dai rubuta uku, kada ɗaya.

Ku bar yaƙinsu. Kuna son misali, ga yarjejeniyar "non-aggression" ta Jamus da Tarayyar Sobiyet a 1939, babu wanda zai rufe littafi saboda ita. Ko da yake ɗalibin da zai riƙa karanta jaridun Turanci dole wata rana ya ga an jingina kalmar ga ƙasarsa, kuma gara ya san nauyinta tun a aji. To ku koya masa nauyin, amma ku bari shi ya kawo misalin. Ku da ba ku iya zama ku karanta shafi biyu na tarihin ƙasar da ke biyan ku albashi ba, ba ku ne za ku zaɓa ba.

Akwai furuci, wanda na so in tsallake don a nan mu da su duk kanwar ja ce. Harshensu ba ya ƙare gaɓa da v ko s, ba ya kuma haɗa g da r, kuma kowace gaɓa da nata nauyin da karin sauti, har shida a Hanoi. Sai ka ji kalmar ta fito gaɓa huɗu daidai wa daida, ta ƙare da p. Mu kuma Hausa ba ta da v sam, sai mu cusa wasali a tsakiya mu ce "agiresif". Gaɓa uku ce, nauyin yana kan ta tsakiya, ta farko kuwa a taƙaice take kamar ana haɗiye ta. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce haɗa ƙarshen da kalma mai farawa da wasali. 'Yan arewacinsu suna da v a farkon kalma, don haka ka sa su ce "aggressive animal" a numfashi ɗaya har v ɗin ta koma kan kalma ta biyu, sau goma, sannan ka cire "animal". Haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, yatsa a maƙogwaro a ji yana rawa. 'Yan kudu sukan mai da v ta koma y, su sai an fara da leɓen tukuna.

Duk wannan na zayyana wa ɗan ƙanwata a tsaye, shayina har ya huce. Ya saurara da kunne ɗaya, ɗayan na toshe da abin jin sauti. Da na kai aya ya ce, "Kawu, darasin fa minti ashirin da biyar ne, kuma yaran 'yan shekara tara ne." Ya goge "hung hăng", ya bar karen. Na ce to faɗi kalmar in ji. Ya ce "agiresif".