Yaron Michigan da 'yar yayana

Tun da na karanta labarin yaron nan na jihar Michigan a Amurka abin ya tsaya min a rai. Shekararsa 17 fa, ɗan sakandare. A watan Maris na 2022 wani akawun na Instagram mai hoton budurwa ya yi masa magana, hira ta yi daɗi har aka yaudare shi ya tura hoton tsiraicinsa, nan take zance ya canza, wai ko ya turo dala 1000 ko a watsa wa danginsa da abokansa. Dala 300 ya iya turawa, ba su ƙyale shi ba, a daren nan yaron ya kashe kansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ashe babu wata budurwa, wasu wa da ƙani ne zaune a Legas. FBI ta bi sawu, EFCC ta damƙe su, a watan Agusta na 2023 aka miƙa su Amurka, a Satumban 2024 kotu ta ɗaure kowannensu shekara 17 da rabi. Kafin nan ma a watan Yuli na 2024 kamfanin Meta mai Instagram ya sanar da cewa ya rufe akawun kusan 63,000 na Instagram daga Najeriya masu irin wannan ta'asa. Gaskiya na ji daɗi, don da ƙasashen biyu ba su haɗa kai ba da har yau suna can suna farautar yaran mutane.

Amma fa akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Bayan ƙaramar sallah 'yar yayana, shekararta 15, ta shigo ɗakina da daddare hannunta na rawa ta miƙo min waya, ta ce Goggo don Allah kar ki gaya wa Baba. Ita ba ta tura wa kowa komai ba wallahi, hotonta na sallah da ta ɗora, da atamfa da mayafinta, shi wani ya ɗauka ya haɗa da jikin da ba nata ba. Lambar ta wata ƙasa ce amma da Hausa tsantsa yake mata barazana. Muka kai ƙorafi a manhajar, bayan kwana biyu amsa ta zo wai ba su ga abin da ya saɓa dokarsu ba. To wa zai gani, in babu mai jin Hausa a cikin masu dubawar?

Abin da ya ɗan kwantar mana da hankali shi ne wani shafin intanet mai suna Take It Down, na cibiyar kare yara ta NCMEC ta Amurka, kyauta ne ga duk wanda aka yi wa haka yana ƙasa da shekara 18 ko a ina yake. Hoton ba ya barin wayarki, wata lamba ce kawai ake cirowa kamar zanen yatsa a aika wa su Facebook da Instagram da TikTok su toshe shi in an ɗora.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar Budapest ta yaƙi da laifukan intanet tun 2022, ni dai so nake in ga ranar da za a bi wa yarinyar Kano ko ta Maraɗi haƙƙinta har wata ƙasa kamar yadda aka bi na yaron can, da ma'aikata masu jin yarenmu, da inda yarinya za ta kai kuka ba tare da an fara tambayarta me ya kai ta ɗora hoto ba.

Daga ƙarshe dai tare muka je muka gaya wa yaya, ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce mata ba laifinki ba ne. Har yau ba ta sake ɗora hoto ba.