Haɗa kalandar ofis da waya da kwamfuta: yadda muke aikin

Ƙaramin kamfani gare ni, aikinmu kula da kwamfutoci da wayoyin ƙananan ofisoshi: lauyoyi, likitocin haƙori, makarantun koyon tuƙi, duk wanda cinikinsa ya rataya a kan alƙawarin lokaci. Jama'a na zaton gyaran inji ne ke cinye mana rana, alhali kiran da ya fi zo mana na kalanda ne. Sakatariya ta rubuta ganawa a kwamfutar ofis, maigida yana kan hanya bai ga komai a wayarsa ba, baƙo ya zo ya zauna har ya gaji ya tafi. Irin wannan baƙon ba kasafai yake dawowa ba, shi ya sa ba na ɗaukar aikin da wasa.

Kafin in taɓa kowane saiti, sai na tambaya: ina kalandar take zaune? Yawanci waya ake miƙo mini. Sai in yi bayani cewa kalandar ofis wuri ɗaya ya kamata ta zauna, a sabar da ke intanet, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, ko ta Google ce, ko iCloud, ko Microsoft 365, ko Nextcloud ga mai son riƙe kayansa a hannunsa. Waya da kwamfuta tagogi ne kawai da ake leƙa ɗaki guda ta cikinsu. Muddin ba a tsayar da wannan ba, kowace na'ura za ta riƙe nata labarin, kuma babu gwanin da zai sasanta su.

Inda aka fi ruɗewa shi ne hanyoyin haɗawar, domin a ranar farko duk kamarsu ɗaya. Akwai fayil mai ƙarshen .ics, na tsarin iCalendar da aka fitar a 1998 aka sabunta a 2009. Idan ka sauke shi daga wata kalanda ka zuba a wata, kwafi ka yi na abin da ke ciki a wannan lokacin, shi ke nan. Duk canjin da ya biyo baya ba zai iso ba. Wannan na ƙaura ne da ajiya.

Sai kuma bin adireshi, wanda shi ne babban tarkon. Kalandar Google tana ba da wani adireshin sirri da za a manna a Outlook ko wata manhaja, sai ganawa su bayyana, kowa ya yi murna ya ce an gama. Amma hanyar mai zuwa ce kawai, ba ta komawa. Ana karantawa, ba a rubutawa. Ga kuma jinkiri: manhajar da ke bi ita ke zaɓar lokacin da za ta sake leƙawa, kuma idan Google ce ke bin adireshin wata kalandar, canji kan ɗauki awanni da yawa kafin ya fito. Ga jadawalin hutu ko na wasanni, wannan ya wadatar. Ga likitan da aka matsar wa mara lafiya daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe takwas na safiyar gobe, bai wadatar ba ko kaɗan. Kuma duk wanda adireshin nan ya faɗa hannunsa zai karanta kalandar ba tare da kalmar sirri ba, don haka ba na yarda a riƙa yawo da shi a saƙo.

Abin da ofis ke buƙata shi ne haɗi mai kai da kawowa, wanda aka fi yi da CalDAV, ƙa'idar da ta fito a 2007, ko kuma ta hanyar Exchange ta Microsoft. A nan kowace na'ura da halinta. iPhone da Mac sun san CalDAV tun daga gida. Android ta san asusun Google, amma ga Nextcloud da makamantanta sai mun saka manhaja irin DAVx5. Thunderbird, manhajar imel da kalanda ta kwamfuta, ba ta ba mu wahala. Tsohon Outlook na tebur kuwa bai jin CalDAV sai an ɗora masa ƙarin manhaja, shi ya sa idan na tarar ofis ya saba da Outlook nakan ba su shawarar su bar kalandar a wajen Microsoft, kada a tilasta auren da ba zai zauna ba. Har yanzu kuma ina cin karo da masu bin tsohon bayani na saka Gmail a waya a matsayin Exchange, alhali tun 2013 Google ta rufe wannan ƙofar ga sababbin na'urori a asusun kyauta. iCloud ma ba ta karɓar kalmar sirrin yau da kullum daga manhajar waje, sai an ƙirƙiri ta musamman.

Bayan an haɗa, akwai gwajin da na koya wa duk yaron da ya fara aiki da ni, kuma ba ya barin ofishin mutane sai ya yi shi. Zai rubuta ganawa mai suna “gwaji” a waya, ya buɗe kalandar a burauza ya jira ta fito. Sai ya canza lokacinta a kwamfuta, ya duba waya. Sai ya goge ta a waya, ya tabbatar ta ɓace a sauran. A matakin farko gwajin yake yawan maƙalewa. Na taɓa zama da wani lauya yana cewa, “Malam, ga ta nan a wayata, da hannuna na rubuta.” Gaskiyarsa ne. Da muka buɗe ganawar, a ƙasa inda ake nuna sunan kalanda, sai ga shi ta faɗa cikin kalandar wayar kanta, wadda ba ta zuwa ko'ina. Launinsu ne kawai ya bambanta, shuɗi da kore, shi kuwa bai taɓa lura ba. Muka canza kalandar da sabuwar ganawa ke faɗawa, muka kwashe tsofaffin, muka ɓoye waccan don kada hannu ya sake kaiwa gare ta.

Sauran matsalolin ba su da wuyar ganewa. Idan ganawa na fitowa biyu-biyu, yawanci an saka asusu ɗaya sau biyu ne, ko an zuba fayil a kan kalandar da tuni take haɗe. Kowace ganawa tana da lambar shaida da ake kira UID, kuma da zarar wata manhaja ta sauya ta, sai a ɗauke ta sabuwa. Idan Android ta daina sabuntawa sai an buɗe manhajar, saitin tanadin batir ne ke kashe ta a ɓoye. Idan tsofaffin ganawa sun ɓace a iPhone, a duba saitin da ke ƙayyade ko wata nawa na baya za ta riƙe.

Yankin lokaci ne nake ba shi haƙƙinsa sosai, musamman ga masu hulɗa da ƙasashen waje. Amurka tana tura agogo gaba ranar Lahadi ta biyu a watan Maris, Turai kuwa sai Lahadin ƙarshe na watan. A tsakanin nan tazarar Landan da New York awa huɗu ce maimakon biyar. Kalanda ta san wannan lissafin, amma sai an rubuta ganawar da yankin lokacin da ya dace kuma agogon kowace na'ura yana daidai. Wanda ya yi lissafi da ka ya rubuta, taronsa na mako-mako zai goce da awa guda.

Abin da nake nanatawa ga masu ofis kafin in tafi shi ne gogewa ma tana bin haɗin. Yaro ya ɗauki waya ya share ganawa, ta tafi a ko'ina. Google tana ajiye abin da aka goge kwana 30 a kwandon shara, amma ba kowace sabar ke yin haka ba, don haka muke fitar da fayil ɗin .ics lokaci-lokaci mu adana shi daban. Kuma ba na bari ma'aikata su yi tarayya a kalmar sirri ɗaya. Kowa da asusunsa, a ba shi izinin gani kawai ko na gyarawa gwargwadon aikinsa. Ranar da wani ya bar aiki, sai a cire sunansa, a sabunta adireshin sirrin, sauran wayoyin su ci gaba da aiki ba tare da an taɓa su ba.