Mako na biyar: ranar da Terminal ya ƙi buɗewa

'Yan uwa masu koyon rubuta manhajar kwamfuta, barkanmu da war haka. Kwana goma kuka ji ni shiru, rami na faɗa, kuma ni na haƙa shi da hannuna.

Kwamfutar nan da na sayo tokumbo a Computer Village da ke Ikeja, Ubuntu 22.04 ce a kanta, wato babbar manhajar da ke tafiyar da ita. Python (yaren rubuta manhaja) ɗin da ta zo da shi 3.10 ne, darasin da nake bi kuwa 3.12 yake nema, wanda ya fito a Oktoban 2023. Na buga apt upgrade, umarnin sabunta manhajoji, har sau biyu, lamba ba ta motsa ba. Ashe haka tsarin yake. Ubuntu mai dogon tallafi, irin tawa, duk bayan shekara biyu take fitowa, a watan Afrilu, kuma Python ɗin da ta fito da shi ne za ta riƙe, sai dai a riƙa toshe masa kafofin tsaro.

Sai na ƙara ma'ajiyar deadsnakes, inda ake samun wasu nau'o'in Python na Ubuntu, 3.12 ya sauka lafiya lau. Da na tsaya nan da ba a ji kaina ba. Amma zumuɗi ya ja ni, na karkatar da sunan python3 ya koma kan sabon, wai don in huta da rubuta lamba. Washegari bayan asuba na danna Terminal, tagar da ake buga umarni, ko gezau. Na sake dannawa, shiru kake ji. Abin da ban sani ba shi ne, ita kanta Ubuntu da wancan tsohon take tafiyar da wasu kayanta, har da abin da ke buɗe Terminal da wasu 'yan rakiyar apt. Na zare mata tsani tana sama ke nan.

Wani ƙanena a shagon cajin waya nan Agege ne ya fid da ni (can nake fakewa in an ɗauke wuta, batirina ba ya kai awa ɗaya). Ya ce, "Yaya, danna Ctrl da Alt da F3." Baƙin allo ya fito, na shiga da sunana, na mayar da python3 kan 3.10. Komai ya dawo daidai, ban da girmana.

Yanzu kowa na zaune a ɗakinsa. Na sauke python3.12-venv, kuma duk aikin da zan fara sai na buga python3.12 -m venv .venv tukuna, don aikin ya samu nasa keɓaɓɓen wurin Python. Tsohon kuwa na bar wa Ubuntu kayanta.

Node.js, mai tafiyar da yaren JavaScript, bai ba ni wahala ba. Na cikin ma'ajiyar Ubuntu 12 ne, ya tsufa tukuf, sai na sa nvm, mai sauke nau'o'in Node, na ɗauko 20.

Saura pyenv, mai ba da damar ajiye Python iri-iri a kwamfuta ɗaya. Shi daga tushe yake harhaɗa Python, don haka yana buƙatar build-essential da libssl-dev da libsqlite3-dev da sauransu kafin a fara. Na bari sai Asabar da dare, lokacin da data ke araha, in Allah ya sa akwai wuta.