Hasken da ya mutu a tsakiyar sama

Daren Laraba. Kowa ya kwanta, ni kuwa maganar Kawu ta hana ni runtsawa.

Tun da hantsi manhajar bibiyar taurarin ɗan'adam ta turo sanarwa a waya cewa ISS, tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, za ta wuce da ƙarfe 7:41 na dare, kuma irin wucewar da ake jira ce, mai tsayi, har digiri 66. Na gaya wa Auta, Auta ya gaya wa duk wanda ya gamu da shi, sai ga mu mu shida a fili. Kawu ya jawo kujera ya ce yau zai ga ƙarshen ƙaryar waya.

Ta fito kuwa, a kan lokaci cif. Daga kudu maso yamma, ɗan ɗigo dishi-dishi, tana hawa tana ƙara haske har ta fi duk wani tauraro da ke sama. Ba ƙyaftawa, ba ƙara. Auta har da tsalle. Da ta gota ƙololuwarta ta karkata arewa maso gabas, sai hasken ya yi ja-ja, ya dusashe, cikin 'yan daƙiƙu ko alamarta babu. Sama kuma fes, ba gajimare ko ɗaya.

Kawu ya ce, "To, ina ta shiga?"

Na ce, "Inuwa ta shiga, Kawu."

"Inuwar me da dare? Dare ai duk inuwa ne." Ya miƙo hannu ya karɓi wayar. "Ga abin naka yana nuna tana tafiya. A waya tana nan, a sama babu. Wanne zan kama?"

Na ce ku bari in yi muku bayani. Ya ce bayanin da ya zo bayan abu ya ɓace sunansa kame-kame. Aka kwashe da dariya, aka watse.

Abin da ke cina shi ne amsar tana cikin jadawalin tun safe, ni ne ban karanta ba. Kowace wucewa layi uku gare ta: inda za ta fara bayyana, inda za ta fi tsayi, da inda za a daina ganinta. Na dubi na farko da na biyu na rufe waya. Na ukun ya ce 7:45, digiri 55, arewa maso gabas. Wucewar da ta cika tana ƙarewa ne a wajen digiri 10, can kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa. Duk lokacin da lambar ƙarshe ta yi girma haka, manhajar tana gaya maka ne cewa a tsakiyar sama hasken zai mutu. Da na faɗa musu tun kafin ta fito, na nuna wurin da yatsa na ce a nan za ta ɓace, da Kawu ne zai rasa ta cewa.

Tashar ba ta da fitilar da ido zai hango daga ƙasa. Hasken rana take mayarwa, kamar wata. Tana sama da mu da kilomita 400 da ɗoriya, don haka rana takan faɗi a wurinmu amma ita can tana cikin rana tsaka. Sai abu biyu sun haɗu ake ganinta: kai kana cikin duhu, wato rana ta nutse da kamar digiri 6 ko fiye, ita kuma ba ta shiga inuwar duniya ba. Inuwar nan daga gabas take tasowa bayan faɗuwar rana, tana hawa a hankali, kuma idan rana ta yi ƙasa da kusan digiri 20 ta riga ta rufe hanyar tashar a saman kanka. Shi ya sa ba a kallonta sai cikin awa ɗaya ko biyu bayan almuru, ko kafin fitowar rana. Tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai, kusan sau 16 a yini, amma yawancin wucewarta da rana ne ko cikin inuwa. Jan da ta yi kafin ta ɓace, faɗuwar rana ce a wurin mutanen da ke cikinta. Duk wannan sai yanzu yake zuwa mini a jere, a kan katifa.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba da ta ci gaba da jan layi. Ba ganin tashar take yi ba, lissafi take yi. Tana sauko da wasu layuka biyu na lambobi da ake kira TLE, kowane layi gurbi 69, waɗanda rundunar sararin samaniya ta Amurka ke fitarwa, shafuka irin su CelesTrak kuma su rarraba. Daga lambobin nan da wurin da kake da agogon wayarka take fitar da hanya. Ko akwai haske ko babu, tashar tana inda lissafi ya ce.

Inda ake samun matsala kuwa a ɗaya daga cikin ukun nan ne. Lambobin suna tsufa: iskar da ta rage can sama tana jan tashar ƙasa kaɗan-kaɗan, lokaci-lokaci kuma a kunna injin a ɗaga ta. Kwana biyu ko uku ba komai, tunda tana cin sama da kilomita 7 da rabi a daƙiƙa guda, kuskuren 'yan kilomita bai kai daƙiƙa guda ba. Amma wayar da ta yi makonni ba ta ga intanet ba, musamman in an ɗaga tashar a tsakani, tana iya saɓawa da minti ɗaya ko fiye. A buɗe manhajar da data kafin a fita. Sai wuri: wanda ya yi tafiya mai nisa bai bar GPS ya sabunta ba, jadawalin garin da ya baro yake karantawa. Agogo kuma a bar shi a kan saitin da yake daidaita kansa.

Yaya ma ta sha nata haushin. Kibiyar wayarta ta nuna mata yamma sosai, tana ta kallon inda babu komai har sai da Auta ya juya mata kai. Rigar wayar ce, mai maganaɗisu a murfi. Kamfas ɗin waya ɗan ƙaramin ma'aunin maganaɗisu ne, kuma duk ƙarfen da ke kusa yana ruɗa shi: mota, ƙofar ƙarfe, rodin da ke cikin siminti, lasifika. A cire rigar, a matsa daga ƙarfe, a juya wayar a iska kamar ana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu. Sannan a gwada ta da wata ko da Zara: in hoton da ke fuskar waya bai hau kan na sama ba, kar a yarda da kibiyar.

Ni dai na fi son a ajiye wayar gaba ɗaya da zarar an karanta lambobi. In da digiri aka ba ka shiyya: arewa 0, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Inda rana ta faɗi ya ishe ka sanin yamma. Tsayi kuma dunƙulen hannu ne: ka miƙe hannu sosai, kowane dunƙule digiri 10 ne ko kusa, tara su kai ka saman kai. Digiri 55 dunƙule biyar da rabi ke nan. Farin hasken waya yana kashe ido, kuma ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai. ISS ba ta damu da wannan ba don haskenta, amma ƙananan taurarin ɗan'adam sai an kunna jan haske na dare a manhajar.

Lambar haske ita ce ke yawan rikita sababbi, don a juye take: ƙarama ta fi haske. Wucewa mai −3 ba mai kuskure ta, mai +3 kuwa a cikin fitilun gari sai an dage.

Wani ya tambaye ni a saƙo wace manhaja zai sauke. In ISS kawai kake so, Spot the Station ta NASA ta isa. Heavens-Above ta fi cika da lambobi, tana jero har gangar tsofaffin rokoki. ISS Detector tana da saukin karantawa, Stellarium kuma ta fi kyau in kana son ganin hanyar a tsakanin taurari. Kusan duk daga rijiya ɗaya suke ɗiba. Kowacce ka ɗauka, ka cire ta daga jerin waɗanda tsimin batir ke kashewa, in ba haka ba sanarwar sai bayan an gama za ta iso. Tiangong, tashar sararin samaniya ta Sin, ma ana ganinta, ba ta kai ISS haske ba. Jerin gwanon taurarin intanet na Starlink kuwa sai cikin 'yan kwanakin farko bayan harbawa, kafin su warwatsu.

Tun Nuwamban 2000 tashar nan ba ta taɓa zama ba mutum a ciki ba. Auta bai san duniyar da babu ita ba. NASA ta tsara aikinta zuwa 2030, daga nan a sauko da ita a teku. Na tuna da haka ina kwance, jikina ya yi sanyi, ban san dalili ba.

Na duba na gobe: digiri 17, minti biyu, bayan bishiyoyi. Ba zan kira kowa ba. Akwai wata mai kyau da asuba mako mai zuwa, kuma ita akasin ta yau za ta yi, daga inuwa za ta fito, haske ya kunnu a tsakiyar sama inda babu komai. Na rubuta lokacin da wurin a takarda, na ninke, zan ba Kawu ya riƙe tun gobe.