Ziyarata Tsohon Filin Jiragen Yaƙi na Thorpe Abbotts

Daga tashar Liverpool Street da ke Landan na hau jirgin ƙasa, bayan kimanin sa'a ɗaya da rabi na sauka a garin Diss na yankin Norfolk, a gabashin Ingila. Tasi ta ɗauke ni ta wasu siraran hanyoyi masu ratsa gonaki har muka iso Thorpe Abbotts, inda babu abin da zai nuna wa baƙo cewa daga nan aka riƙa tashi zuwa fagen daga, in ban da wani ɗan bene mai ɗakin gilashi a samansa.

Daga wannan benen ake ba jirage izinin tashi da sauka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An gina filin a 1942, kuma a watan Yunin 1943 Runduna ta 100 ta jiragen Amurka masu ruwan bama-bamai ta tare a cikinsa da jiragenta samfurin B-17, kowanne ɗauke da mutum goma. Ranar 10 ga Oktoban shekarar, jiragenta 13 suka tunkari birnin Munster na Jamus, amma ɗaya tak ya komo gida, wanda Robert Rosenthal ya tuƙo shi da injuna biyu a mace.

Da na hau rufin benen, iska mai sanyi tana kaɗawa, sai na daɗe ina duban gabas, ina tunanin makanikan da suka tsaya a wannan fili a yammacin ranar suna jiran su ƙirga jiragen da suka gyara da hannunsu, ƙirgar kuwa ta tsaya a ɗaya. Wannan ya fi taɓa mini zuciya fiye da duk kayan tarihin da aka jera a ƙasan benen, wanda yanzu gidan tarihi ne, ko da yake rigunan fata na matuƙan da hotunansu su ma sun tsayar da ni, domin yawancinsu samari ne da ba su daɗe da haura shekara ashirin ba.

An rufe filin a 1956, ƙasar ta koma hannun manoma, aka farfasa mafi yawan titunan jiragen. Mutanen yankin ne suka tashi a 1977 suka fara gyara benen bisa sa kai, har ya zama gidan tarihi. Kafin direba ya dawo, na taka wani guntun daɓen siminti da ya saura a bakin gona, ciyawa ta tsiro a duk tsagoginsa.